Yaushe ake sa “had” a jimlar Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, bana zan rubuta WAEC da NECO. An koya mana cewa past perfect, wato ginin da ake yi da had, na abin da ya daɗe da faruwa ne. Amma da na rubuta “I had travelled to Kano last year” a insha'i, sai aka ja mini layi da jan biro a ƙarƙashin had. To shekara guda ba daɗewa ba ce? Don Allah a fayyace mini inda ake sa had da inda ba a sawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Wanda ya ja miki layin bai zalunce ki ba. Ƙa'idar da kika haddace ce ta kai ki ta baro, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin da wuya in shiga aji ban tarar da ita zaune daram a kan ɗalibai ba. Daɗewa ba ruwanta da wannan magana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, fiye da shekara 200 ke nan, amma a Turanci “Shehu Usman dan Fodio died in 1817” za ki ce, babu had. Ga kuma abin da zai iya faruwa ɗazu-ɗazu a kicin ɗinku: “When I came back, the cat had eaten the fish.” Ko minti biyar ba a yi ba da cin kifin, amma had ta shigo, kuma dole ce a wurin.

Abin da had take nunawa shi ne wani abu ya riga wani faruwa, alhali dukansu sun wuce. Wato sai an sami lokaci biyu: lokacin da labarinki yake tsaye a kai, da abin da ya auku kafin nan. A jimlar kyanwa, labarin yana tsaye ne a kan dawowarki. Cin kifin ya riga dawowar, shi ya sa ya ɗauki had. Jimlarki ta Kano kuwa lokaci ɗaya tal ne a cikinta, wato bara. Bature in ya karanta “I had travelled to Kano last year” sai ya dakata yana jiran ya ji kafin me. In bai ji ba, maganar ta zame masa guntuwa. “I travelled to Kano last year” ta wadatar. Da kin kawo abin da tafiyar ta riga, da had ta zauna lafiya: “I knew the way to Kurmi market because I had travelled to Kano the year before.” Ki lura har last year ɗin ya koma the year before, domin yanzu daga wancan lokacin ake ƙirge, ba daga yau ba.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurinki. Kina yin sa da Hausa kullum, tun kafin a sa ki firamare, ba tare da kowa ya koya miki ba. Karanta waɗannan biyun a fili:

Da muka isa gidan, sai baƙin suka tafi.
Ko da muka isa gidan, baƙin sun tafi.

A ta farko kun riski baƙin, wataƙila har kun gaisa, sannan suka miƙe. A ta biyu kun tarar da ɗaki wayam. Me ya raba su? Suka da sun. Turanci ma haka ya raba su, amma da had:

“When we got to the house, the guests left.”
“When we got to the house, the guests had left.”

Malamin Hausa ya koya muku shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, mai ɗauke da kin, mun, kun, sun, an, da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, mai ɗauke da kika, muka, kuka, suka, aka. A cikin ba da labari, na biyun ne yake tura labarin gaba: suka tashi, suka yi alwala, suka fita, suka tari mota. Kowane aiki yana bin na gabansa. Da zarar mai labari ya saki suka ya koma sun a tsakiyar zance, kunnenki ya san an koma baya ne a ɗauko wani abu da ya riga faruwa: suka isa tasha, ashe motoci sun tashi. Suka ɗin nan a Turanci shi ne shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum, went, saw, arrived. Sun ɗin da ya faɗo a tsakiyar labari shi ne had gone, had seen, had left. Duk inda za ki iya cusa riga ko tuni a fassarar Hausa ba tare da ma'ana ta ɓaci ba, alhali kina cikin labarin abin da ya wuce, to had ce a wurin.

Ga misali daga tarihin garin da kika ce kin je. A 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da yaƙi. Sarki Alu ba ya cikin birni a ranar, ya tafi Sakkwato. Yadda za a faɗa da Turanci shi ne: “When the British troops reached Kano in 1903, Emir Aliyu had left for Sokoto.” Ko da sojojin suka iso, Sarki ya riga ya tafi. Yanzu cire had ki ce “Emir Aliyu left for Sokoto”. Kin sauya tarihi ke nan, kin mai da shi sai da suka iso sannan ya fita, wanda mai karatu zai fassara da cewa gudu ya yi da ganinsu. Kalma ɗaya mai harafi uku ta sauya abin da aka faɗa a kan mutum. Saboda irin wannan ne nake matsa wa ɗalibaina a kan wannan darasi fiye da wasu. Wanda zai rubuta rahoton asibiti, ko bayanin shaida a kotu, ko takardar ofis, dole ya iya raba “the patient died when the doctor arrived” da “the patient had died when the doctor arrived”. A ta farko likita yana tsaye aka cika. A ta biyu gawa ya tarar.

Wannan gwaji na sun da suka yana da iyaka, kuma gara ki san ta tun yanzu. Na, ka, ya da ta a rubuce iri ɗaya suke a lokutan biyu. Tsawon wasali ne yake raba su a baki, rubutunmu kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Don haka in jimlarki a kan mutum ɗaya ce, mai da ita jam'i a zuci ki ji ko sun ne ko suka. Sannan akwai wuraren da Hausa take tilasta suka ko da abin ya riga faruwa, kamar bayan kalmar “da” mai siffantawa: na ga mutanen da suka sayi gonar. Nan sayen ya riga ganin, Turancinsa “I saw the people who had bought the farm”, ga shi kuwa suka muka ce. A irin wannan wuri riga ce za ta fisshe ki: mutanen da suka riga suka sayi gonar. Abu na uku, sun tafi da aka faɗa a kan halin yanzu ba had ba ce. In kika leƙa ɗaki yanzu kika ce baƙi sun tafi, “the guests have gone” ne. Hausa ba ta sauya siffar aikatau don ta nuna jiya ko yau, zancen da ke kewaye ne yake nunawa. Turanci kuwa sai ya sauya: have in daga yanzu ake waiwaye, had in daga wani lokaci da ya wuce ake waiwaye.

Ginin kansa ba wuya. Had ce, sannan siffa ta uku ta aikatau, wadda littattafanku suke kira past participle. Had ba ta sauyawa ko wane ne mai aikin: I had, she had, they had. Korewa had not ko hadn't. Tambaya kuwa sai had ta wuce gaba: “Had they eaten?” Inda ake faɗuwa shi ne siffa ta ukun. Aikatau masu bin ƙa'ida ba su da matsala, siffarsu ta biyu da ta uku ɗaya ce: walked, cooked, travelled. Masu saɓa ƙa'ida su ne abin haddacewa, kuma su ne aka fi amfani da su kullum. Go, went, gone. Eat, ate, eaten. Write, wrote, written. See, saw, seen. Take, took, taken. Break, broke, broken. Begin, began, begun. Drink, drank, drunk. “Had went” da “had ate” da “had wrote” suna cikin kurakuran da na fi cin karo da su a takardun ɗalibai, kuma mai duba jarrabawa ba ya ɗaga musu ƙafa. Wasu kuma siffarsu ta uku komawa take yi kamar ta farko: come, came, come, run, ran, run. Don haka “he had come” ne, ba “he had came” ba. Put da cut da shut ba sa sauyawa sam. Jerin yana bayan kusan kowane ƙamus na ɗalibai. Ki riƙa karanta shi a fili uku-uku kamar yadda ake biya karatu, har bakinki ya saba.

Za ki kuma ci karo da had had ki zaci kuskuren ɗab'i ne. Daidai ne. Ta farko ita ce mai nuna lokaci, ta biyu aikatau ce mai ma'anar samu ko ci ko mallaka. “She was not hungry because she had had lunch.” Ba ta jin yunwa saboda ta riga ta ci abincin rana.

Akwai dalilin da ya sa had take wa masu koyo wuyar kamawa da kunne. A magana Turawa haɗiye ta suke yi, ta koma 'd kawai: I'd, he'd, they'd. In kina sauraron labaran Turanci a rediyo, “they'd left” zai iya shige miki kamar “they left”. Sai ki ɗauka su ma ba sa amfani da ita, alhali tana nan. Wannan 'd kuma tana iya zama would. Abin da ke biye ne zai gaya miki: in siffa ta uku ce, had ce, kamar “I'd gone”, in siffa ta farko ce, would ce, kamar “I'd go”. A insha'in jarrabawa ki rubuta ta cikakkiya, sai dai a wasiƙar da aka ce ki rubuta wa ƙawa ko 'yar'uwa.

To, ba duk inda abu biyu suka faru ba ne ake sa had, kuma nan ne ɗalibin da ya fara ganewa yakan zarce. In kina jero abubuwa yadda suka faru, ɗaya bayan ɗaya, ba ki bukatarta: “I woke up, prayed, swept the compound and went to school.” Tashin ya riga sallar, sallar ta riga sharar, amma jerin kansa ya nuna haka. Ai da Hausa ma na tashi, na yi salla, na share tsakar gida ne, babu riga a ciki. Had tana shigowa ne idan kin karya jerin, kin ambaci abin baya bayan kin riga kin wuce shi. Haka nan in akwai before ko after a jimlar, su da kansu sun nuna wanda ya riga, don haka “After she finished, she went home” da “After she had finished, she went home” duk daidai ne. Mutanen Amurka sun fi yawan barin had a irin wannan wuri, mutanen Ingila sun fi riƙe ta, musamman a rubutu. Tunda Turancin makarantunmu na Ingila yake bi, ni ina ba ɗalibaina shawarar su sa ta bayan after in suna rubutun jarrabawa. Ba za a rage miki maki don kin sa ba.

When ita ce mai haɗari, domin ba ta nuna wanda ya riga, kamar yadda kika gani a misalin baƙi da na Sarki Alu. Wani lokaci ma had tana bin when ɗin kai tsaye don ta nuna sai da aka kammala aikin farko tsaf: “When she had finished her prayers, she opened the door.” Sai da ta idar da salla sannan ta buɗe ƙofa. By the time kuwa kusan kullum tana jawo had a ɗaya ɓangaren, domin ma'anarta ko da, ko kafin: “By the time Nigeria became independent in 1960, Ghana had been independent for three years.” Ghana ta sami 'yanci a watan Maris na 1957, Nijeriya a Oktoban 1960.

Wannan misali na ƙarshe ya nuna wani aikin had da ba a cika koyarwa ba. Ba kullum take nuna abin da ya faru ya ƙare ba. Takan nuna halin da aka fara tun da farko, aka ci gaba da kasancewa a cikinsa har zuwa lokacin labarin, musamman tare da for da since. “When General Murtala Mohammed was killed in February 1976, he had been head of state for just over six months.” Ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975, kuma yana kai har ranar da aka kashe shi. In aikin da ake ta yi ne, ba hali ba, sai a ce had been, aikatau ya ɗauki ing: “We had been waiting for two hours when the bus came.” Mun yi awa biyu muna jira kafin motar ta zo. Bambancinsa da “we were waiting” shi ne wannan yana ƙirga tsawon jiran har zuwa isowar motar. Amma aikatau irin su know da believe da own ba sa ɗaukar ing, don haka “I had known her for years” za ki ce. Ki haɗa da never da kuma the first time, waɗanda Hausarsu taɓa ce: “I had never seen the sea before I went to Lagos”, ban taɓa ganin teku ba sai da na je Legas, “It was the first time she had travelled alone”, wannan ne karon farko da ta taɓa tafiya ita kaɗai.

In kina Islamiyya, kin riga kin gamu da ɗan'uwan wannan gini a Larabci, inda ake cewa kana ƙad zahaba, ya kasance ya riga ya tafi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke karatu da Faransanci su ma suna da nasu, kuma a kan hanya ɗaya yake tafiya.

Wuri na gaba da had take da aiki shi ne ruwaito maganar wani, kuma a nan Hausa ba za ta taimake ki ba sosai. Mu in mutum ya ce na gama, sai mu ruwaito da ya ce ya gama. Lokacin bai motsa ba, wakilin suna ne kawai ya sauya. Turanci kuwa in kalmar ruwaitowa ta wuce, kamar said ko told ko asked, sai ya ja maganar baya taki ɗaya. “I have finished” ta koma “He said he had finished”. “I lost my pen” ta koma “She said she had lost her pen”. “Did you see Amina?” ta koma “He asked if I had seen Amina”. Wato have done da did duk had done suke komawa. Hikimar ɗaya ce da ta farko: faɗin maganar ya wuce, abin da aka ba da labari kuma ya riga faɗin. A hira Turawa sukan bar siffa ta biyu yadda take in ba ruɗani, amma a tambayoyin zaɓi na jarrabawa wadda aka ja baya ake nema. Kada ki manta da sauran kalmomin lokaci: yesterday ta koma the day before, last week ta koma the week before, ago ta koma before ko earlier.

Sai kuma wurin da had take barin aikin jera lokaci ta koma nuna abin da bai faru ba. Wannan shi ne da-na-sani, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Muna da ginin da ya yi daidai da na Turanci, mai ɗauke da kalmar “da” sau biyu: da mun fita da wuri, da mun sami mota. Ba mu fita da wuri ba, ba mu kuma sami motar ba. Da ta farko ita ce if tare da had, da ta biyu ita ce would have: “If we had left early, we would have got a bus.” Kowane ɓangare da kayansa. Kada would ta shiga ɓangaren if. Za ki ji wasu suna cewa “If I would have known”, har a bakin wasu Amurkawa, amma a rubutu kuskure ne. A nan gida kuma akwai “Had it been I knew”, wadda ta yaɗu ƙwarai har mutane suna ɗauka babban Turanci ce. Ki guje ta. Daidai shi ne “If I had known”, ko a jefar da if a gabatar da had, a ce “Had I known, I would have stayed at home.” In sakamakon yana nan har yau, ɓangare na biyu yakan zama would kawai: “If he had studied medicine, he would be a doctor now.” Da ya karanta likitanci, da yanzu likita ne.

Wish da if only suna bin wannan hanya. “I wish I had listened to my mother” ita ce ina ma a ce na saurari mahaifiyata, abin ya wuce, ba a saurara ba. Ki raba ta da “I wish I knew the answer”, wadda take kan yanzu: ina ma na san amsar a wannan lokaci. Masu shirya jarrabawa suna yawan ba da labari a ce a ƙare shi da jimla irin wannan, don haka ki iya ta sosai. Akwai kuma wani amfani mai laushi da nake so ɗalibai su sani saboda wasiƙa: “I had hoped to see you before I left.” Had a nan tana gaya wa mai karatu cewa burin bai cika ba, kamar yadda muke cewa na so in gan ki kafin in tafi, kowa kuma ya san ba a gamu ba.

Gini biyu ne suka rage waɗanda ba a cika jin su a hira ba amma suna fitowa a tambayoyin WAEC da NECO da JAMB. Duka ma'anarsu ke nan sai, kamar a isowarmu ke nan sai ruwa ya sauko. “No sooner had we arrived than it began to rain.” “Hardly had we arrived when it began to rain.” Abu biyu ake gwada ki a kai. Had tana zuwa kafin mai aikin, kamar a tambaya. Sannan no sooner da than take tafiya, hardly da scarcely kuwa da when. Masu tambaya sukan sa than da when da then a cikin zaɓi don su ga wanda zai ruɗe.

Game da insha'inki kuwa, ga yadda ake sarrafa ta a labari. Ki zaɓi lokacin da labarin yake tsaye, ki tafi da shi a siffa ta biyu. In kina bukatar komawa baya, ki buɗe da had, ki faɗi abin da za ki faɗa, ki dawo. Dubi wannan:

“I reached the motor park at six. The first bus had gone, so I sat on a bench and waited. My uncle had warned me about this. He had travelled that road for years and he knew the drivers well. At seven another bus came and I got in.”

Reached, sat, waited, came, got in su ne labarin yana tafiya. Had gone, had warned, had travelled su ne abubuwan da suka riga isa tashar. Fassara shi da Hausa da bakinki, ki mai da mai labarin mu, za ki ji muka isa, muka zauna, muka shiga a gefe guda, motar farko ta riga ta tashi, kawu ya riga ya gargaɗe mu a ɗaya gefen. In waiwayen ya yi tsawo, ya kai sakin layi guda ko fiye, ba sai kin bi kowane aikatau da had ba. Biyu ko uku na farko sun isa su sanar da mai karatu cewa an koma baya, daga nan ki ci gaba da siffa ta biyu, sannan ki sa wata alama kamar that morning ko now in za ki dawo kan hanya. Takardar da aka cika ta da had a kowane layi tana gajiyar da mai karatu, tana kuma nuna wa mai duba jarrabawa cewa ɗalibin ado ya ɗauke ta, bai san aikinta ba.

Ga aikin da za ki yi a daren nan. Ɗauko wannan insha'in da aka ja miki layi, ki zagaye kowace had da fensir. A gefen kowace ki rubuta amsar tambaya ɗaya: kafin me? Wadda kika sami amsarta a cikin labarin, bar ta. Wadda take cikin if ko wish ko bayan said, ita ma bar ta. Sauran ki goge su ki mai da aikatau siffa ta biyu. Bayan nan ki bi duk inda kika rubuta when, ki fassara jimlar da Hausa a jam'i, ki ji ko suka ne ya fito ko sun. Inda sun ya fito alhali babu had a Turancinki, to can ma akwai gyara. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.